Fankokin cikin teku da rabon maƙwabta

Na san wani zai ce ina ruwan biri da gada, mu da kogin Kaduna ne iyakar ruwanmu, me ya kai mu zancen injinan iska masu samar da wutar lantarki da ake kafawa a tsakiyar teku? Ku yi haƙuri ku karanta, 'yan uwa.

Akwai wani gari a gaɓar Ingila, Grimsby. Da kamun kifi ya yi suna a duniya, har rikicin iyakar ruwa da ƙasar Iceland a shekarun 1970 ya durƙusar da sana'ar. Duk wanda ya san unguwar Kakuri ta Kaduna lokacin da masaƙun KTL da Arewa da UNTL ke aiki, ya kuma ga yadda ta koma bayan an rufe masaƙun, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Yau daga tashar jirgin ruwan garin ake kula da tashoshin fankokin cikin teku na Hornsea, waɗanda ta biyunsu kaɗai ke da fanka 165, tana ba da sama da megawat 1,300. A Hull da ke maƙwabtaka da su, kamfanin Siemens ya buɗe masana'antar ƙera fikafikan fankokin a 2016.

To, a nan nake so mu lura. Wutar ba gidajen Grimsby take zarcewa ba, babban layin ƙasa take shiga, kuma ba a rage musu kuɗin wuta don suna kusa ba. Abin da suka samu shi ne aikin kulawa. Gishirin teku yana cin ƙarfe, dole kullum a samu masu hawa su duba, masu walda, matuƙa jiragen da ke kai ma'aikata, masu koyar da matasa sana'ar. Ginin tasha shekara biyu ko uku ne a watse, kulawa kuwa sai ta kai shekara 25. Ba na cewa ayyukan sun maye na kifi, ba su kai ba, kuma masuntan da suka rage na ƙorafin an matse musu wuraren jefa koma.

Mutanen Denmak, waɗanda suka fara kafa irin wannan tasha a 1991, sun fi burge ni. Tashar Middelgrunden da ke bakin birnin Kopenhagen fanka 20 ce, rabinta mallakar ƙungiyar gama-kai ce da dubban talakawa suka sayi hannun jari a ciki. Idan ta juya, aljihunsu ne ke ji. A Amurka kuma, tsibirin Block Island da ya dogara da janaretan dizal ya kashe su a 2017, bayan an kafa masa fanka biyar kacal.

Mu dawo gida. Madatsar Shiroro tun 1990 take ba da megawat 600, ta layin da ya biyo Mando muke samun rabonmu, amma sai 2010 aka yi dokar kafa hukumar HYPPADEC mai kula da al'ummomin da madatsun ruwa suka shafa, ita ma ta kwashe kusan shekara goma kafin ta fara aiki. Ga fankoki 37 na Lambar Rimi a Katsina, megawat 10 kawai, an fi shekara goma ana jan ƙafa. Kuma masana sun ce iskar Arewa, wajen Katsina da Sakkwato da Jos, ta fi ta bakin tekunmu ƙarfi.

Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar shirya kasuwar wutarsu. In mai zuba jari ya zo Kaduna, na sola ne ko na iska, ina so 'yan majalisarmu su sa a rubuce: yara nawa na garin zai horar, a ina zai kafa wurin gyara, kashi nawa na hannun jari zai bar wa masu gonakin da za a karɓa. Rijiyar burtsatse ɗaya da buhunan shinkafa ranar yanka zare ba su isa ba.