Tambayar da 'Yan Jarida Ba Su Yi wa Ning Ba

A watan Oktoba na shekarar 2005, wani ƙaramin kamfani da ke Palo Alto a jihar Kalifoniya ta Amurka ya buɗe dandali a intanet mai suna Ning. Mutum biyu ne suka kafa shi, Gina Bianchini da Marc Andreessen, amma sunan na biyun ne ya ja hankalin kafofin labarai, domin yana cikin waɗanda suka kafa Netscape a 1994, kamfanin da miliyoyin mutane suka fara leƙa intanet da manhajarsa. Na daɗe ina ganin ya kamata a sake duba yadda marubutan fasaha suka tarbi wannan dandali, saboda kuskuren da suka yi a kansa har yau ana maimaita shi duk lokacin da wani sabon kamfani ya fito da wurin tara jama'a.

Abin da aka fara fitarwa bai zo wa mutane da sauƙi ba, domin sai wanda ya ɗan iya rubuta manhaja da harshen PHP ne zai kwafi abin da wani ya gina ya sarrafa shi yadda yake so. Ba a yi wata huɗu ba, a Janairun 2006, Michael Arrington na shafin labaran fasaha na TechCrunch ya fitar da rubutu mai kanun da ke tambaya ko Ning ya riga ya mutu. Sukar tasa tana da tushe, tunda ba kowa ne ya fahimci amfanin abin ba, sai dai ya yi riga malam masallaci da ya fara zancen jana'izar kamfanin da ko yaye ba a yi masa ba.

A Fabrairun 2007 kamfanin ya sake salo, kuma a nan ne labarin ya juya. Yanzu malamin makaranta ko sakataren wata ƙungiya zai zauna gaban kwamfuta, ya rubuta sunan da yake so, ya zaɓi launi, ya ɗora wurin hotuna da na bidiyo da na sanarwar taro, kafin shayinsa ya huce ya mallaki dandalin zumunta na kansa, ba tare da ya biya ko sisi ba. Malamai sun rungumi abin, har suka gina manyan zaurukan musayar dabarun koyarwa irin su Classroom 2.0, ƙananan ƙungiyoyi da mawaƙa su ma suka bi sahu. A shekarar masu zuba jari suka ba kamfanin dala miliyan 44, a 2008 suka ƙara masa miliyan 60, aka kiyasta darajarsa da kimanin dala miliyan 500. Mujallar Fast Company ta yi dogon rubutu a kansa a 2008, tana bayyana yadda kowane mamba ke gayyato wasu, wasu daga cikinsu kuma su buɗe nasu zauren su gayyato wasu, har abin ya riƙa ninka kansa da kansa. Daga zancen mutuwa aka koma kirari.

Abin da ya dame ni shi ne, a duka lokutan biyu hankalin yawancin marubuta yana kan abu guda ne, wato wane ne ya kafa kamfanin, nawa aka zuba, kuma ko zai iya karawa da manyan dandalan zumunta irin su MySpace da Facebook. Waɗannan tambayoyi ne na mai neman inda zai sa kuɗinsa. Mutumin da ya kwashe shekara biyu yana tara abokan sana'arsa a wuri ɗaya, yana amsa saƙonninsu cikin dare, yana sasanta waɗanda suka yi saɓani, tambayarsa daban ce: wa ke biyan kuɗin wannan kyauta, kuma idan mai gida ya sauya ra'ayi, ina za mu kwashe kayanmu mu nufa? Amsar ba a ɓoye take ba, domin kowa yana ganin tallace-tallacen da kamfanin ke liƙawa a gefen zaurukan kyauta, yana kuma karɓar kuɗi daga wanda yake son a cire su. Ba ya buƙatar dogon lissafi mutum ya gane cewa zauren mutum tamanin masu hira kan kiwon zuma da wuya tallarsa ta biya kuɗin ajiye hotuna da bidiyonsa.

A watan Maris na 2010 Bianchini ta sauka daga shugabanci, Jason Rosenthal ya gaje ta. Wata guda bayan haka ya sanar da sallamar kusan kashi 40 cikin ɗari na ma'aikata, daga 167 zuwa 98, ya kuma ce an daina zaurukan kyauta: ko dai a biya, ko a tashi. A lokacin zaurukan da aka buɗe a Ning sun haura miliyan biyu. Farashi mafi ƙanƙanta bai kai dala uku a wata ba, kuma wani zai ce ai wannan ba kuɗi ba ne. Ga malamin da ke ƙasar da samun katin biyan kuɗi da dala ma aiki ne, ko ƙungiyar sa-kai da ba ta da asusu, wannan ɗan kuɗi ya isa ya rufe ƙofa. Ko da an ba mutum hanyar sauke rubuce-rubucensa, jama'ar da suka saba haɗuwa a wuri ɗaya ba a sauke su a fayil, kuma da zarar sun watse, tara su ya fi tarawar farko wuya.

Ba na ɗora wa kamfanin laifin neman kuɗin shiga, domin ba sadaka ya fito yi ba. Haka kuma na san marubucin fasaha yana aiki ne cikin gaggawa, kamfani ya ba shi bayani yau, gobe ana son labari ya fita kafin na abokan hamayya, kuma babu wanda ya san gaibu. Amma Hausawa sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa, kuma wanda dubban mutane ke karanta shi kafin su yanke shawarar inda za su ajiye ƙungiyarsu, haƙƙi ne a kansa ya haɗa yabonsa da gargaɗi. Mu ma mun ɗanɗana irin wannan, domin masana da marubutan Hausa sun shafe shekaru suna muhawara kan finafinai da adabi a Yahoo Groups, zaurukan tattaunawa na kamfanin Yahoo, sai ga shi an goge abin da aka tara a can, aka kuma rufe wurin gaba ɗaya a Disamban 2020.

A Satumban 2011 kamfanin Glam Media ya sayi Ning a kan kuɗin da rahotanni suka ce ya kai dala miliyan 150. Nan ma abin da ya fi cika kanun labarai shi ne tazarar da ke tsakanin wannan farashi da darajar da aka yi wa kamfanin a baya, da abin da masu jari suka samu ko suka rasa. Shi kansa Glam, wanda daga baya ya koma Mode Media, ya rufe a 2016, kuma masu zaurukan da suka daure suka biya tun 2010 suka sake tsintar kansu suna jiran su ji hannun wa za su faɗa.