Shirwa Uku da Ba Sa Sauka

Tun ranar da na sayi kyamarar nan ta hannu uwargida ta raɗa mini suna "mai hoton tsuntsu", kuma ba yabo ba ne. Irin kyamarar nan ce mai madubi a ciki, wadda ake kwance idonta a ɗaura wani. Idanu biyu ta zo da su: gajere mai milimita 18 zuwa 55, da dogo mai 70 zuwa 300. Ina kuma da wani kundi da nake liƙa hotunan da na wanke, kowanne da ɗan rubutu a ƙarƙashinsa: wuri, rana, ƙarfe nawa, da abin da na gani. Jan gwadan da ke katangar gidanmu shi kaɗai ya ci shafi huɗu.

A tsakiyar Janairu, hunturu yana ganiyarsa, na ce bari in hau Dutsen Dala in ɗauko birni da sassafe. Ana sallame asuba na tari adaidaita sahu. Matakalar nan an ce 101 ce. Na ƙirga har saba'in, daga nan haki ya karɓe lissafin. Na isa sama na dafa gwiwa, ina ta mamakin yadda Barbushe ya riƙa hawa tun ba a san siminti ba.

Wanda bai taɓa ɗaukar hoto cikin hazo ba sai ya ɗauka abin sauƙi ne. Bakwai ta gota amma rana kamar farin faifai, ka kalle ta ido da ido ba ta ce maka komai ba. Goron Dutse da kyar ake hango shi, hasumiyoyin Babban Masallaci kuwa sai ka ce a cikin koko aka tsoma su. Ina cikin lalube sai ga shirwa sun taso suna shawagi dab da kaina, har ina ganin tsagar jelarsu. Gajeren ido ne a jikin kyamara, wanda zai mayar da shirwa ƙwayar gero. Na shiga gaggawar canzawa.

Yadda ake canza ido a irin wannan iska na san shi sarai. Ka kashe kyamara, ka juya wa iska baya, ka kifa bakinta ƙasa, sabon idon yana hannunka a shirye, cikin daƙiƙa biyar ka gama. Ni kuwa ban kashe ba, na kwance ido na ajiye kyamara a kan jaka bakinta sama kamar mai tarar ruwan indararo. Murfin dogon idon ya suɓuce ya gangara, na bi shi. Kafin in dawo an yi minti biyu, shirwa sun yi gaba, iskar hunturu kuma ta gama yi wa cikin kyamarata rangwamen ƙura.

Na mayar da gajeren ido, na tsuke ƙofar haske zuwa f/16 don rufin gidaje na kusa da na nesa su fito tas, na ɗauki kusan hoto hamsin na sauko.

Da daddare ina dubawa sai na ga ikon Allah. A saman masallaci, ta hannun dama, ga shirwa uku can nesa, ɗaya ma ta lanƙwasa fiffike. Na kai aka wanke, na liƙa, na rubuta: "Dala, 7:20 na safe. Shirwa uku a kan birni. Mai haƙuri yakan dafa dutse." Da ina da wayo da na tsaya na yi tunani. Tsuntsu mai tashi sai an ɗauke shi da saurin ƙiftawa 1/1000 na daƙiƙa ko fiye, a kuma ƙara haske mataki guda saboda farin sama yana rufe shi. Ni a 1/125 nake, wanda ya yi wa tsuntsu mai tashi jinkiri.

Ranar Juma'a bayan la'asar na kai kundin majalisa. Ana ta masha Allah, sai wani abokinmu tela, mai idon zura allura, ya riƙe shafi ya ce, "Malam, waɗannan shirwar 'yan gida ɗaya ne?" Ya buɗe hoton Goron Dutse: ga su, hannun dama, ɗaya ta lanƙwasa fiffike. Ya buɗe na marinar Ƙofar Mata, wadda aka ce tun 1498 ake rini a cikinta: ga su a kan wani farin yadi da ba a tsoma a baba ba. A hoton da na ɗauka a tsaye kuwa, a kaikaice suke tashi. Na ce yanayin iska ne. Bai ce komai ba, ya wuce shafin ƙarshe, hoton ɗaurin auren ƙanwar matata, wanda na manta ban sauya f/16 ba. Ga surukina jingine da farin bango, ya sha babbar riga, shirwa uku suna shawagi a saman hularsa kamar ya ɓoye ɗan tsako a ciki. Wani dattijo sai da ya ƙware da shayi.

Ƙura ce ta zauna a kan sensa, ɗan allon nan da ke bayan madubi wanda haske ke sauka a kansa. Mai lanƙwasasshen fiffiken kuma ɗan silin zare ne. Idan ƙofar haske a buɗe take, kamar f/4, ba ka ganin su. Da ka tsuke ta sai inuwarsu ta fito, a wuri ɗaya a kowane hoto. Gwajin ba wuya: ka sa f/22, ka kawar da saitin ido yadda komai zai yi dishi-dishi, ka ɗauki farin bango. Na gwada, na samu uku manya da 'yan rakiya goma sha ɗaya.

A nan ne na ƙara wa Barno dawaki. Na ɗage madubi, na leƙa, na cika kumatu na hura. Ban jima da cin gyaɗa ba. Da na sake gwajin, shirwa uku sun koma garken balbela.

Mai gyara bai yi mini faɗa ba, kallo ɗaya ya yi mini, ya fi faɗan ciwo. Ya fara tabbatar da batir a cike yake, don idan ya mutu ana cikin aiki madubi da labulen ciki za su rufo a kan abin gogewa. Ya kifa kyamarar, ya matsa 'yar robar hura iska sau biyar ba tare da bakinta ya taɓa komai ba. Ya ɗauko ɗan tsinken gogewa mai faɗi daidai da sensa, ya ɗiga ruwan gogewa ɗigo biyu, ya ja sau ɗaya daga gefe zuwa gefe, ya juya ɗaya fuskar ya dawo, ya jefar. Ya kuma nuna mini cewa hoto a kife yake sauka a kan sensa, dattin da ka gani a saman hoto a ƙasa za ka neme shi. Wato ko hurawar da na yi, ba inda shirwar suke na hura ba. Tsinke uku ya ci, kuɗin cefanen kwana biyu suka tafi.

Hoton surukina dai ban kai masa ba. Uwargida ta ɗauke shi ta adana a ƙarƙashin akwatinta, duk ranar da na ce zan sayi sabon ido sai ta tambaye ni, cikin ladabi, ko Baba ya ga shirwarsa.