Kaya Ba Ya Sauka Sai An Rusuna

'Yan'uwana matasa, salamar Ubangiji ta kasance tare da ku.

Wanda ya taɓa shiga kasuwar Sabon Tasha a Kaduna da sassafe ya san yadda ake sauke kaya. Mace za ta taho da daron doya a ka, wuya ya sage, zufa na bin gadon bayanta. Ba ta isa ta sauke shi ita kaɗai ba, sai ta dubi na kusa ta ce, "Don Allah kama mini." Ko an kama ɗin ma, dole ta lanƙwasa gwiwa ta rusuna kafin daron ya rabu da gammo. In ta tsaya ƙiƙam, mai taimakon zai gaji ya tafi, ita kuwa tana nan da kayanta.

Na daɗe ina ganin wannan ban ɗauke shi bakin komai ba, sai da abin ya zo kaina.

Bayan an cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, wurin da nake aiki ya fara tangal-tangal, kafin shekara ta ƙare aka sallame mu. Ban gaya wa kowa ba, har mahaifiyata. Kullum da safe in goge riga in fita daga ɗakina a Narayi kamar mai zuwa ofis, in je in yini a shagon wani abokina a Barnawa. Ran Lahadi kuma ni ne a gaba, ni ke bi da addu'a a zumuntar matasa. A tambaye ni yaya aiki, in ce "Mun gode Allah," har da murmushi. Da kuɗin haya ya taso sai na ci bashi a irin manhajojin nan na waya. Na ci na biyu don in biya na farko, na ci na uku don in toshe bakin na biyu. Kun dai san halinsu: ranar da ka gaza, duk lambar da ke cikin wayarka sai ta samu saƙo. Haka asirina ya tonu, har wurin wani dattijon ikilisiyarmu.

Tsohon nan ya yi shekaru yana aiki a masaƙa a Kakuri, yana cikin dubban da suka wayi gari babu aiki lokacin da masaƙun suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. Ya san ɗacin abin. Bai kira ni gaban kowa ba. Bayan sujada ya ce, "Ɗana, zo ka raka ni bakin titi." Muna tafe ya tambaye ni, "Kai da kake mana addu'a har kwanon rufi yana amsawa, ka taɓa buɗe baki ka gaya wa Allah cewa tsoro kake ji?"

Na rasa amsa. Wata bakwai ina addu'a, amma ko sau ɗaya ban faɗi gaskiya a cikinta ba. Ina umarni, ina tsawatawa, ina ƙwato abin da na ce nawa ne, amma kalmar "na kasa" ba ta taɓa fitowa daga bakina ba.

Akwai ayar da muke so ƙwarai, 1 Bitrus 5:7, wadda ta ce mu zuba wa Allah dukan damuwarmu domin yana kula da mu. Muna liƙa ta a bayan Keke Napep, muna sa ta a WhatsApp. Amma ku koma aya ta 6. Can manzo ya fara da cewa mu ƙasƙantar da kanmu ƙarƙashin hannun Allah mai iko, shi zai ɗaukaka mu a lokacinsa. Magana ɗaya ce ya yi, mu ne muka yanke ta biyu muka ɗauki ɓangaren da ya fi mana daɗi. Kuma ku dubi wanda ya rubuta ta. Bitrus ɗin nan ne da Yesu ya ɗaura tawul ya zo wanke masa ƙafa, ya ce sam, ba za a wanke tasa ba. Da ganin farko sai ka ce ladabi ne. Amma Ubangiji ya gaya masa in bai wanke shi ba, ba shi da rabo tare da shi. Akwai girman kan da yake shigowa da rigar kunya: ba ka son a gan ka kana bukata, ba ka son a yi maka, kai dai ka yi wa wasu. Irinsa ne ya ci ni, kuma na san ba ni kaɗai ba ne a cikinmu.

Bari in taɓo yadda muke addu'a, ko da wasu za su ji haushina. Mun mai da ita gasa. Wanda ya fi ɗaga murya, ya fi jero manyan kalmomi, shi ne "mai wuta". Mu kwana muna jifan maƙiyan ƙauye, alhali wani lokaci babu wata tsohuwa a ƙauye da ta tuna da mu. Cacar ƙwallo ce ta cinye kuɗin, ko son a ce mun isa. Ba na ce kada a yi addu'ar dare ba, ni ma ina zuwa. Amma a misalin da Yesu ya bayar a Luka 18, mutum biyu suka shiga Haikali. Bafarisiye ya karanto ayyukansa, azumi sau biyu a mako, zakka daga duk abin da ya samu. Mai karɓar haraji ya tsaya can nesa, ko ido bai iya ɗagawa sama ba, yana bugun ƙirji yana roƙon jinƙai. Shi ne ya koma gida baratacce, wato karɓaɓɓe a gaban Allah. Hannatu ma a Shilo leɓunanta kawai ke motsi, har Eli firist ya zaci buguwa ta yi, amma addu'ar nan ce ta haifi Sama'ila.

Kada wani ya ji wannan ya je ya shimfiɗa tabarma ya ce ya bar wa Allah. Da maƙiya suka taso wa Nehemiya yana gina garun Urushalima, addu'a suka yi, suka kuma sa masu tsaro dare da rana. Manzo Bulus a Galatiyawa 6 ya ce mu ɗauki nauyin juna, 'yan ayoyi kaɗan a gaba kuma ya ce kowa zai ɗauki nasa kaya. Dukansu gaskiya ne. Neman aiki naka ne, barin caca naka ne, zuwa ka fuskanci mai gidan haya ka gaya masa halin da ake ciki naka ne. Abin da ba naka ba shi ne gobe, da zancen mutane, da tunanin nan mai hana barci ƙarfe biyun dare.

Ku kuma da za a ce wa "kama mini", ku ji tsoron Allah. Wani dalilin da ya sa matasa suke haɗiye damuwarsu shi ne, abin da aka faɗa a asirce ran Laraba, kafin Lahadi ya zagaye unguwa da sunan "mu sa shi a addu'a". Gulma ce, ko da an rufe ta da amin. A garin nan da iyayenmu suka ga rikicin shekarar 2000, wasu suka bar gidajensu suka ƙetare kogi da abin da hannu ya iya ɗauka, inda har yau akwai gidajen da suka sayar da gona don fanso ɗan'uwa daga daji, kusan duk wanda ke zaune kusa da kai a benci yana ɗauke da wani abu. Ku iya bakinku.

Ran nan a bakin titi, tsohon ya sa na sayi littafin rubutu mai shafi 40. Muka zauna a kan dakalin wani shago, ya ce in rubuta duk bashin da ake bi na, kada in rage ko naira. Hannuna na rawa na rubuta. Ya karɓa ya duba, ya dafa kaina, ya yi addu'ar da ba ta kai minti ɗaya ba: "Uba, ga ɗanka, ga kayansa. Mun kasa. Ka taimake mu." Daga nan ya ce in wuce gida in gaya wa mahaifiyata kafin rana ta faɗi.

Ta yi kuka, ta yi faɗa, sannan ta zuba mini tuwo. Yanzu ina taya wani ɗan'uwa aikin haɗa sola, ba kullum ake samu ba. Layi 9 na rubuta a littafin nan, na soke 6. Ragowar ukun suna nan, kuma kowane dare kafin in kwanta nakan buɗe shafin a kan katifa, in durƙusa, in karanta su da ƙarfi ɗaya bayan ɗaya.