Tafiyar yau da kullum da lissafin kalori

Wani abokina a Samarun Zariya yana son rage tumbi, ya sa manhajar lissafin kalori a waya, kullum sai ya shigar da tafiyarsa daga gida zuwa masallaci da zuwa bakin titi neman keke napep a matsayin motsa jiki, manhaja ta ƙara masa kalorin da zai iya ci, shi kuma ya rama da masa da lemo. Wata biyu tumbi na nan daram, wai manhajar ce ƙarya take.

Toh ba ƙarya take ba. Tun ranar da ka yi rajista ai ta tambaye ka yanayin zirga-zirgarka, mai yawan zama ne kai ko mai kai-komo. In ka zaɓi mai kai-komo, ta riga ta saka wannan tafiyar a lissafin abin da za ka ci, in ka sake shigar da ita ka ƙirga sau biyu kenan.

Kuma tafiyar ba ta ƙona abin da muke zato fa. Mai kilo 70 in ya taka kilomita ɗaya wajen kalori 50 ne zai tafi, kwalbar Coke ɗaya ta 35cl kuwa ta kusa 150.

Amfani kam tafiya tana da shi sosai ga zuciya da suga, Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ma minti 150 na motsa jiki take so a yi a sati. Amma tafiyar da za ka shigar daban a manhaja ita ce wadda ka ƙara da gangan, irin ka taka da sauri daga PZ zuwa Tudun Wada a Zariya har ka jiƙe da gumi.