Eskoshon ɗin yaranmu a Jos, me suke dawowa da shi?

Jama'a ina so mu yi magana a kan fitar da makarantu ke yi da yara, musamman mu iyaye da malamai na nan Jos. Duk shekara sai a karɓi kuɗin mota, a loda yara a bas a kai su Wildlife Park ko gidan zu na kusa da gidan tarihi, su zagaya a guje su ga biri su ga jimina, a ɗauki hoto a sha lemo a dawo. Ka tambayi yaro me ka gano, ya ce biri. Wallahi abin yana damuna, don garin nan Allah ya ba shi abin da garuruwa da yawa ba su da shi.

Wildlife Park ɗin nan tun 1972 aka kafa shi zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, kuma ba kejin dabbobi kaɗai ba ne, daji ne da duwatsu da itatuwa. Ga Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya wadda take nan tun 1958, aikinsu kenan sanin itace da rainon dashe. Sannan ga dajin Amurum a Laminga inda cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI take tun 2001 tare da Jami'ar Jos, an ƙirga tsuntsaye sama da iri 300 a wurin, ɗalibai daga ƙasashen Afirka suna zuwa karatun digiri na biyu, amma ɗan Gangare ko Rikkos ko Nasarawa Gwom bai taɓa jin sunan wurin ba. Akwai wani ɗan ƙaramin tsuntsu ja mai zama a cikin duwatsu wanda sai a 1998 masana suka rubuta shi a matsayin sabon iri, kuma a tsaunukan Jos aka gano shi. Har akwai wani tsuntsun da ba ya gina sheƙa, a sheƙar wannan jan yake zuba ƙwansa a raina masa 'ya'ya. Wane yaro ne zai ji wannan labarin bai buɗe ido ba?

Ni abin da nake ganin ya ɓace mana kayan aiki ne, kuma ba masu tsada ba. Takarda ɗaya tal da malami zai shirya kafin a fita, da Hausa da Turanci, da fensir a hannun kowane yaro. A rubuta masa: nemo itace uku ka zana ganyensu, zauna shiru minti 15 ka ƙirga kukan tsuntsu iri nawa ka ji, wane ƙwaro ne ya sauka a kan fure. Ku gwada zaunar da yara ƙarƙashin baure lokacin da ya nuna, tsuntsaye za su yi ta sauka ɗaya bayan ɗaya, sai malami ya tsinki ɗan baure guda ya fasa, su ga ƙananan ƙwarin nan na ciki da duk wanda ya taɓa cin baure ya sani. To waɗannan ƙwarin su ne ke kai masa garin fure, in babu su bauren ba zai yi iri ba. Darasin da ake ta zanawa a allo yaro yana hamma ga shi nan a tafin hannunsa.

Sai maganar suna, wannan kam ina da ƙorafi. Inda duk aka liƙa wa itace allo sai ka ga sunan Latin kawai, yaro ya karanta bai san cewa ɗorawar da ake yin daddawa da ita ba ce. Me zai hana a sa ɗorawa, kaɗanya, maɗaci, tsamiya, a ƙara da sunan Birom ko Afizere ko Anaguta tunda ƙasarsu ce kuma suna da sunayen? Kakanninmu sun san gawo yana zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, sun san zuwan shamuwa alamar ruwa ya kusa. Yau ko ungulu da take cika mayanka da muna yara da wuya ka gan ta, tun 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa, yaranmu kuwa ba su ma san an yi rashi ba.

Na san za a ce madubin hangen nesa tsada, mota tsada, ga tsoron halin tsaro. Gaskiya ne. Amma madubi biyu sun ishi aji guda in ana karɓa-karɓa, kuma makarantar da ba ta da halin fita tana iya farawa da itatuwan harabarta. Ina roƙon malaman kimiyya, ku fara zuwa wurin ku kaɗai kafin ranar, ku zauna da ma'aikatan ku tsara abin da yara za su nema. Mu kuma iyaye, a taron PTA na gaba kafin mu biya kuɗin mota mu nemi a nuna mana takardar da za a ba yaran.