Tuffar Alhaji da Jar Akuyar Hajiya

(Ƙofar gidan Alhaji a unguwar Mabera, Sakkwato, watan Afrilu, bayan la'asar. Alhaji na kan tabarma yana fifita da hula. Baba Mai Lambu ya kawo albasa daga Kwalkwalawa, ya zauna shan ruwa. Ɗanboko ya sauko daga babur riƙe da ɗan kwali.)

ALHAJI: Yawwa! Aje shi sannu, kada 'ya'yan su zube. Baba, matso ka ga abin da babu shi fadamarku. Iccen tuhwa na, tun daga Jos. Cikin waya nis saye shi.

BABA: Tuhwa? Cikin wanga ɗan kwali? Ni na aza takalmi na kas sawo ma Hajiya.

ƊANBOKO: Kawu, ni ma sai da na ce wa direba ya ƙara dubawa. Ya ce shi ke nan saƙon. Ƙarƙashin buhun dankali ya zaro shi.

(An buɗe. Wani ɗan tsinke ne, tsawon taƙi guda, da ganye uku da suka bushe ƙayau.)

BABA: To, alhamdu lillahi. An samu asawaki.

ALHAJI: Kai, ba shi na ba! Ɗanboko, gwada mai hoton. Ka gani? Icce ya hi katanga, 'ya'ya jajaye har suna taɓa ƙasa. Naira 15,000 nit tura, ban da kuɗin mota.

BABA: Ranka shi daɗe, hoton uwar na anka gwada maka. Kab biya sadaki, anka kawo maka jinjira. Ita ma ba ta iso da rai ba.

ƊANBOKO: Kwana uku ta yi a hanya. Motar ta lalace a Funtuwa.

BABA: Da za ka saye, mai kayan ya tambaye ka garin da kake?

ALHAJI: Ya yi tambaya mana. Yac ce, "Ka tura?"

BABA: Shi ke nan?

ALHAJI: Sai kuma, "Alat bai shigo ba."

BABA: Jos kan dutse take, mutanenta da rigar sanyi suka kwana. Nan kuwa wanga wata ko ƙadangare da gudu yaka ƙetare titi.

ƊANBOKO: Wayata ta nuna zafi ya wuce digiri 40 yau.

ALHAJI: Kira min shi!

ƊANBOKO: Na tura saƙo tun daga tasha. Ya karanta, alamar ta yi shuɗi. Yanzu kuma ko hotonsa ba na gani.

BABA: Ya bi uwar tuhwar.

ƊANBOKO: Kawu, akwai wata baiwar Allah mai lambun dashe wajen Wamakko, a WhatsApp take sayarwa. Bari in gwada ta. (Ya yi rubutu. Waya ta yi ƙara.) Ta amsa. Tana gaisuwa, ta ce wace unguwa kake?

ALHAJI: Ce mata Mabera.

ƊANBOKO: Ruwan rijiya gare ku, ko famfo, ko na 'yan garuwa? Ƙasar gidan rairayi ce ko laka? Wurin da za a dasa, rana na dukansa yini guda? Wa zai riƙa ban ruwa in ka yi tafiya?

ALHAJI: Tsaya! Wagga haraji taka karɓa, ko ɗiyata taka nema ma ɗanta?

BABA: Bar ta ta tambaya. Ai ita ka ba da ɗiya, kai ka nema.

ƊANBOKO: Ta ce akwai dabbobi a gidan?

ALHAJI: Babu.

ƊANBOKO: Kawu...

ALHAJI: Na ce babu. Ce mata tuhwa nika so.

ƊANBOKO: Ta ce ba ta da ita, ko da tana da ita ba za ta sayar wa ɗan Mabera ba. Ta ce ka zaɓa: mangwaro, gwaiba, lemun tsami ko zogale.

ALHAJI: Dabino hwa?

ƊANBOKO: Wanda take da shi daga ƙwallo aka shuka. Ba a sanin namiji ne ko mace sai ya yi fure, namijin kuwa ba ya 'ya'ya.

ALHAJI: A'a. In yi shekaru ina shayar da ƙato? Waɗanda ag gidan nan sun ishe ni.

ƊANBOKO: Ban ji ba, Kawu. Ga bidiyo ta turo, yanzu ta ɗauka. Ta aje kwalbar lemo kusa da dashen don ka ga ainihin tsayinsa.

ALHAJI: Ɗan wanga? Ko gwiwata bai kai ba. Kuma mi ya same shi anka naɗe mai wuya da leda? Karyewa yay yi?

BABA: Wurin auren na. Mangwaro ɗan aure ke nan: gindin na gida, mai jure wahala, kan na mai zaƙi. Shekara 3 ko 4 ka ga 'ya'ya. Na ƙwallo kuwa sai ka ninka, kuma ba ka san abin da za shi ba ka ba.

ALHAJI: To, ba ni lambar asusunta.

ƊANBOKO: Ta ce kada ka tura. Ka bari damina ta zauna, wajen Yuli. Yanzu in an dasa, ruwan garuwa zai cinye kuɗin da ya fi na dashen.

ALHAJI: Mai kaya ta ƙi kuɗi? Baba, anya lahiyatta lau?

(Yuli, bayan an sha ruwa. Alhaji tsaye a tsakar gida, ya zuba wa wani rami ido.)

ƊANBOKO: Kawu, ina mangwaron? Jiya fa lafiya lau ya iso, da ƙasarsa a jiƙe cikin baƙar leda, kwalin ma an huhhuda shi don iska. Har saƙon murya ta turo: a yanke ledar, a sa ruɓaɓɓen taki, kada a binne wurin auren, a yi shinge.

ALHAJI: An yi duka.

BABA: Ina shingen?

ALHAJI: Shi kaɗai ya rage.

(Jar akuyar Hajiya ta fito daga bayan randa tana tuƙa, ɗan guntun leda a bakinta.)

ƊANBOKO: Kawu, kai fa ka ce babu dabbobi.

ALHAJI: Wagga ba dabba ta ba, 'yar gida ta. Nan anka haihe ta.

BABA: Tsinken tuhwar nan wata uku yana jingine ga bango, ko sunsuna shi ba ta yi ba. Ta san kaya.

ƊANBOKO: Matar dai ta ce in dashe ya mutu cikin mako 2, a turo hotonsa ta canza.

ALHAJI: Madalla. Baba, riƙe min ƙahonta. Kai kuma ɗauko ta daga gefen ciki, nan yake.