Jarkar mai ruwa kuka gani, sokawen mai gida fa?

Ranar Talata da safe, a wani layi cikin Agege a Legas, jami'an duba-gari suka tare wani dattijo mai ruwa yana tura kura da jarkoki goma. Ɗayansu, wanda bai wuce sa'ar ɗan dattijon ba, ya ɗora ƙafa kan kurar ya ce, "Kai aboki, tsaya nan." Dattijo ya tsaya ya gaishe shi. Bai amsa ba. Ya buɗe jarka ɗaya ya leƙa, ya yamutse fuska ya ce, "Ku ne kuke raba wa mutane cuta a garin nan." Dattijo ya ce, "Ranka ya daɗe, ga gidan da na sayo ruwan can, mu je ka ga burtsatsen." Ya ce, "Ni za ka koya wa aiki?" Sai ya sa ƙafa ya ture jarka biyu, ruwa ya bi kwata. Dattijo ya durƙusa yana tsintar marafe yana cewa, "Yi haƙuri Oga, kuɗin mutane ne." Sai da ya laluba aljihu aka sake shi. Ba a ɗebi ko cokali ɗaya na ruwan don a auna ba. Gidan da ya nuna kuwa ko ƙofarsa ba su kalla ba.

Wallahi abin ya isa haka. Da wane ido mutum yake ganin ƙwan tsutsar ciki a bakin jarka? Ƙwayar amiba mai kawo atini, da jiyadiya mai kumbura ciki da gudawa mai wari, da kiriftosforidiyam mai zuke ƙananan yara, duk sai da madubin likita ake ganin su. Ruwa yana iya zama garau kuma cike da su. Hanyarsu ɗaya ce: daga bayan gidan mutum ko kashin dabba zuwa bakin wani. Wanda yake son tare su da gaske, inda kashi yake haɗuwa da ruwa zai je. Ƙa'idar da aka sani ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin rijiya da masai. A nuna mini gida nawa ne a Agege ko Idi-Araba ko Ijora yake da wannan filin. Burtsatse a nan, sokawe, ramin da masai ke zuba, taku biyar a gefensa, ƙasa mai yashi, ruwan ƙasa kusa. Damina ta sauka a Yuni da Yuli, kwata ta cika ta tumbatsa, bututun roba yana kwance a cikinta da tsaga an ɗaure da leda. Da zarar ruwa ya ɗauke a bututun, sai ya zuƙo na kwatar ciki. Mai ruwa ne ya haƙa wannan?

Tunda ba mai gaya wa jama'a, ga abin da yake aiki. Alam ba ya kashe komai, laka kawai yake kwantarwa. Kilorin, irin WaterGuard, yana maganin kwalara da taifot idan an bi awon da ke jikin kwalbar aka jira minti 30, amma kiriftosforidiyam yana jure masa, ƙwan tsutsa ma haka. Kuma idan ruwan gurɓatacce ne, kilorin yana ƙarewa a kan dattin, don haka a bar shi ya kwanta, a tace da tsabtataccen ƙyalle tukuna. Abin da ba ya kuskure shi ne tafasawa: ruwa ya yi ta ɓulɓula minti ɗaya cur, ba wai ya yi zafi kawai ba. Sai dai nan ma ana ɓata shi bayan an sauke, a juye a bokiti buɗe, yaro ya tsoma moɗar da ta kwana a ƙasa. A zuba a abu mai ƙaramin baki da murfi, a riƙa tsiyayowa. Jarkokin ma suna son wanki, da sabulu da 'yan tsakuwa a girgiza har gansakuka ta fita, a ɗauraye da ruwan kilorin. Wannan ne ya kamata jami'i ya koya wa dattijon, maimakon shuri.

Latas da kabeji da karas na kasuwar Mile 12 da ake ci ɗanye, ruwan gishiri ba ya kashe ƙwan da ke jikinsu. Macen tsutsar ciki ɗaya tana zuba ƙwai wajen 200,000 a rana, suna da danƙo, suna shekaru a ƙasa ba su mutu ba. A cire ganyen waje, a wanke ɗaya bayan ɗaya da ruwa mai gudu, a kankare karas. Tsire da balangu kuma su gasu har ciki, don tsutsar naman shanu a tsakiyar tsoka take, inda ya rage ja.

Idan ciki ya ɓaci, a daina zuwa kemis ana haɗo magani da ka. Albendazol 400 mg na tsutsa ne, Flagyl na amiba da jiyadiya, kowanne da aikinsa. A kai bayan gida awo, wani lokaci har sau uku a ranaku dabam-dabam, don ba kullum ƙwan yake fitowa ba. Yaro mai gudawa a fara masa ORS, wato ruwan gishiri da sukari, da ƙwayar zinc nan take.

To amma da wane gas talaka zai tafasa ruwan gida mai mutum goma kullum? Tun 1915 aka buɗe matatar ruwa ta Iju. Yau fiye da shekara ɗari, ga matatar Adiyan an ƙara, amma mafi yawan mutanen Legas ba su taɓa buɗe famfon gwamnati a gidansu ba. Gari ne da ruwa ya kewaye, gwamna bayan gwamna yana alkawari, haraji kuwa ba ya fashi. Da famfo yana kawowa, wa zai sayi jarka? Ku gwamnati, gazawarku ce ta haifi sana'ar mai ruwa, sannan ku turo yara su wulaƙanta shi a titi. Mu ma da namu: masu gidajen da ke sayar da ruwa ba su taɓa kai shi awo ba, shugabannin unguwa suna gani sun yi shiru, masu kwashe masai suna juyewa a magudana da dare. A fara da su. A auna kowace burtsatsen da ake sayar da ruwanta, a liƙa sakamakon a bango kowa ya karanta, wadda ta gurɓata a rufe ta har sai an gyara.